Amon Masaba a Kasuwar Mada

Da hantsi muka bar Gusau, a cikin wata tsohuwar Golf da ta ɗauki mutum takwas da buhun taki biyu. Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari ke haɗuwa da yamma ya watse, kowa idonsa na sama. Muka wuce ƙofar Jami'ar Tarayya, muka miƙi titin da ke zuwa Tsafe da Funtuwa, ba a jima ba sai ga dutsen Kwatarkwashi ya taso a gabanmu, baƙi, sumul, garin kuma na kwance a gindinsa kamar ɗa a cinyar uwa. Nan ake sauka daga babban titi a kama hanyar Mada. Tun daga wannan kwana hira ta ragu a cikin mota. Mutanen wannan yanki sun san abin da daji ya zama a 'yan shekarun nan, kowa ya koma yana jan carbi ko yana leƙen gonaki ta taga. A hanya muka yi kiciɓis da wata babbar mota ta nufo titi, an labta mata tsofaffin ƙarafa: gadajen ƙarfe, ƙafafun keke, fasassun tukwane, ƙashin babur. Na bi ta da kallo har ƙura ta rufe ta, domin ƙarfe ne ya fito da ni daga gida.

Na yi makonni ina karanta labarin wani bincike da ake yi a Suwidin da Jamus da wasu ƙasashe, na yadda za a riƙa fitar da ƙarfe daga dutse da iskar haidurojin a maimakon kwal. Ina karantawa ina jin kamar na taɓa sanin abin a wani wuri, kamar muryar da ka sani amma sunan mai ita ya ɓace maka. Sai na ga babu abin da ya fi in je in zauna a bakin maƙera, a garin manoma, inda ƙarfe ke da alaƙa da tuwon dare kai tsaye. Wani abokina ɗan Mada ya ce in zo ranar kasuwa.

Mada gari ne na hatsi. Tana cikin ƙaramar hukumar Gusau, maƙwabciyar Wonaka da Ruwan Ɓore, kuma ƙauyukan da ke kewaye da ita nan suke kawo dawa da gero da masara da wake da waken suya. A 2021, da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya saboda matsalar 'yan bindiga, garuruwa irin wannan ne suka fi jin jiki, domin kasuwa ita ce numfashinsu. Ranar da na je kasuwar ta cika, amma cikar gaggawa ce, mai saye da mai sayarwa duk suna duban rana. Muka ratsa layin masu hatsi, muka wuce masu manja da gishiri, tun ban ga maƙerar ba kunnena ya riga ni isa. Masaba biyu ne ke karɓa-karɓa, ɗaya mai nauyi ɗaya mai zaƙi, amonsu na yanka hayaniyar kasuwa gida biyu.

Rumfa ce ta kara da tsohon kwano, ƙasanta ya yi baƙi da tokar shekaru. Uwar maƙera na kafe a tsakiya, samanta ya yi santsi don shan duka. Wani dattijo na zaune a kan buzu, awartaki a hagunsa, yana juya jan ƙarfe, wani ƙaƙƙarfan saurayi kuma na tsaye yana sauke masa babbar masaba a duk inda ya nuna. A gefe yaro ne, bai fi shekara goma sha biyu ba, yana murza ƙafar keke da aka haɗa da fanka, iska na bi ta bututu tana hura gawayi. Zugazugin fatar akuya na nan rataye a jikin dirka, sun bushe, sun yi ƙura. A bakin rumfa an jera fartanyu da garemani da sungumi da gatura da lauje, manoma sun yi dafifi, wannan na ɗaga fartanya yana auna nauyinta a hannu, wancan ya kawo tsohuwar garma a yi mata baki. Damina na bakin ƙofa, wannan ne lokacin da maƙeri ba ya samun sukunin cin abinci.

Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa muka gaisa. Da abokina ya gaya wa dattijon abin da ke tafe da ni, sai ya sa aka miƙo mini wani kututture na zauna. Na ce, "Baba, wannan ƙarfen da kuke aiki da shi, daga ina yake zuwa?" Ya ɗaga wani dogon falle da awartaki ya ce, "Wanga sifirin ɗin mota na, Malam. Shi muka so ga gatari da lauje, don yana riƙe kaihi." Sauran kuwa daga hannun 'yan gwangwan ne: ƙarfen tsohuwar tarakta, gindin tanki, guntayen rodi. Kowane da aikin da ya dace da shi, kuma ba ya buƙatar na'ura kafin ya bambance su. Ya buga ya saurari amo, ya dubi irin tartsatsin da ke tashi, ya san mai tauri da mai laushi.

Na tambaye shi labarin tama. Ya ajiye awartaki, abin da ban ga ya yi ba tun zuwana. Ya ce shi bai ishe ana dafa tama ba, kakansu ne ya yi, su a bakin mahaifinsu suka ji. Da rani ake fita daji, bayan an kai amfanin gona gida. A haƙo jan dutse mai nauyi daga cikin marmara, a farfasa shi, a sare itacen ƙirya a ƙona gawayi tuli guda, a gina tanderun laka mai ƙofofin iska a gindi. Sai a riƙa zuba gawayi da tama, hawa-hawa, a kunna wuta a kwana ana tsaro. In an fasa, abin da ake tararwa dunƙule ne mai ramuka-ramuka, haɗe da kashin maƙera, sai an sake gasa shi an yi ta duka kafin dattin ya fita ya zama ƙarfen da za a ƙera.

Kalmar da ya yi amfani da ita ce ta tsaya mini a rai. Dafawa ya ce, bai ce narkawa ba, kuma gaskiyarsa. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538, tanderun laka kuwa yakan tsaya ne a wajen 1,200. Abin da ke faruwa a cikinsa wani abu ne daban. Tama ƙarfe ce da ta haɗe da iskar oksijin, tsatsa ce ta ƙasa, shi ya sa take ja. Duk aikin mai dafa tama shi ne ya raba wannan aure. Gawayi in ya ci wuta a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai yunwar oksijin, ita ce ke ratsa dutsen tana zare oksijin ɗin ta fice da shi, ta bar ƙarfe a daskare, da ƙananan ramuka a duk inda aka zare wani abu, kamar soson wanka.

Wannan ilimi ya daɗe a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tanderun mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. A gindin Dala an sami na wajen ƙarni na bakwai, kuma Abagayawa na Kano suna riƙe da labarin cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya yana neman tama. A yammacin Samaru ta Zariya masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tarar da tarin kashin tama da ragowar tanderu. A Adar ta Nijar, a shekarun 1960, wata Bafaranshiya mai suna Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin maƙeran Hausa suna dafa tama, ta sa masa suna Noces de feu, wato bikin auren wuta. Abin da ya kashe sana'ar ba ɓoyayye ba ne. Jirgin ƙasa ya ratso Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tafi da gyaɗa da auduga, ya dawo da ƙarfen Turai mai arha. Daga baya motoci suka zo, suka tsufa, suka mutu, gawarsu ta zama ma'adinin maƙera. Wa zai kwana a daji yana gadin wuta alhali ga sifirin a tasha? Cikin ƙarni guda ilimin da aka yi dubban shekaru ana gado ya koma labarin da jika ke ji a bakin uba.

Ƙarfen da ya kori tama, da wata hanya aka yi shi. Tun 1709, da Abraham Darby ya dafa ƙarfe da gasasshen kwal a Ingila, duniya ta koma ga dogon tanderu, hasumiyar da ake zuba wa dutse da kwal ta sama, a hura mata iska mai zafi ta ƙasa, ƙarfe ya kwararo kamar kunu. Yau ana yin ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabi a ƙasar Sin, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari ta wannan hanya yake fitowa. Kowane tan ɗaya yana cin kwal kusan kilo 800, yana sakin iskar kabon dayoksaid fiye da tan biyu. Hayaƙin ya fi ƙarfen nauyi. In aka tara, sana'ar ƙarfe kaɗai ke da kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na duk wannan iska da ɗan Adam ke turawa sama, wadda ke riƙe zafi tana birkita yanayi. Manomin da ke tsaye a bakin rumfar nan yana jiran a gyara masa garma bai taɓa ganin dogon tanderu ba, amma shi ne ke shuka ruwa ya ɗauke, ya sake shuka ambaliya ta kwashe, kamar yadda mutanen Gummi suka gani a daminar 2024. Kuma matsalar ba ta wutar da ake hurawa ba ce kaɗai, da sai a ce a canza makamashi a huta. Kwal ɗin shi ne mai zare oksijin daga dutse, dole sai an samo wanda zai karɓi wannan aiki.

Haidurojin na iya karɓarsa. Ita ma mayunwaciyar oksijin ce, sai dai in ta haɗu da shi ruwa suke zama. A 2016 kamfanoni uku na Suwidin, SSAB mai ƙarfe, LKAB mai haƙar tama, da Vattenfall mai wutar lantarki, suka haɗa kai a wani shiri da suka kira HYBRIT, ƙarfe ɗaya dai ba ya amo. Suka gina tanderun gwaji a garin Lulea, can arewa inda ƙanƙara ke rufe teku, ya fara aiki a watan Agustan 2020. Ana tsaga ruwa da lantarkin da aka samo daga madatsun ruwa da iska, a ware haidurojin, a zafafa ta, a tura ta cikin tanderun da aka cika da ƙwallayen tama. Abin da ke fita ta sama tururi ne. A Agustan 2021 suka miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko, aka ƙera motar ɗaukar kaya a ma'adinai da shi. Zuwa 2024 sun dafa fiye da tan 5,000, sun kuma gwada ajiye haidurojin a wani kogo da suka fafe a cikin dutse, mita 30 a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke fitowa ta gindin wannan tanderu shi ne ya sa na ji kamar na san muryar. Ba ruwan ƙarfe ba ne. Dunƙule ne a daskare, mai ramuka-ramuka, har su ma soson ƙarfe suke ce masa. Sai daga baya a kai shi tukunyar lantarki a narka. Ashe masana a Lulea, da duk na'urorinsu, sun bar hanyar Darby sun dawo kan hanyar kakan wannan dattijo, ta dafawa ba tare da narkawa ba. Gawayi kawai suka cire suka sa iskar da aka tatso daga ruwa.

Na yi ƙoƙarin bayyana wa dattijon haka da Hausar da zan iya. Ya saurara, yana tura gawayi da ɗan sanda. Bai yi mamakin a ce akwai abin da ke ci da wuta a cikin ruwa ba, ya ce ikon Allah ya fi haka. Tambaya ɗaya ya yi: "To Malam, ita wutar da za a tsaga ruwan da ita, ina za a samo ta?"

Duk gardamar da ake yi a duniya kan wannan bincike, a kan tambayar nan take. Tan ɗaya na ƙarfe yana buƙatar haidurojin fiye da kilo 50, kowane kilo kuma yana cin lantarki sama da yunit 50 da ruwa aƙalla lita tara. In aka haɗa da narkawa, lissafin masu bincike ya tsaya a wajen yunit 3,500 kan kowane tan. Masana'antar da za ta yi tan miliyan ɗaya a shekara tana son megawat 400 dare da rana babu yankewa, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da layin wutar Nijeriya gaba ɗaya ke rabawa a yawancin ranaku. Ina wannan lissafi a zuci, ina jin ƙarar janareton mai walda a bayan rumfa, domin ranar babu wuta a garin. Ga kuma wasu wahalhalun. Haidurojin in tana aiki a kan tama sanyaya tanderu take yi, sai an yi ta ƙara mata zafi. Tana son tama mai kyau ƙwarai, wadda ƙarfen cikinta ya kai wajen kashi 67 cikin ɗari, irin wannan kuwa ba ta da yawa a kasuwar duniya. Tsada ta sa wasu sun ja da baya: a watan Yunin 2025 kamfanin ArcelorMittal ya fasa shirinsa na Bremen da Eisenhüttenstadt a Jamus, duk da tallafin Yuro biliyan 1.3 da gwamnati ta ware masa. Kamfanin Stegra da ke gina babbar masana'anta a Boden ta Suwidin shi ma ya sha faman neman ƙarin kuɗi.

Wanda ya fi ba ni sha'awa yana nan Afirka. A hamadar Namibiya, kusa da Arandis, akwai wata ƙaramar masana'anta mai suna Oshivela, ta kamfanin HyIron, wadda shugabar ƙasar, Netumbo Nandi-Ndaitwah, ta buɗe a watan Afrilun 2025. Farantan sola na megawat 25 ne ke ba ta wuta, an tsara ta ta yi tan 15,000 a shekara a matakin farko, tururin da ya fito kuma a mayar da shi ruwa a sake tsagawa. Ba su jira layin wutar ƙasa ba, ba su fara da ƙaton abu ba. Ranar da ke dukan kwanon rumfar nan ta Mada har mutum ba ya iya taɓa shi, irinta ce suke dafa ƙarfe da ita.

Mu kuwa mun taɓa zuwa bakin wannan ƙofa, abin da ke sa ni baƙin ciki ke nan. Masana'antar ƙarfe ta Delta da ke Aladja, wadda aka buɗe a 1982 zamanin Shugaba Shehu Shagari, ba dogon tanderu gare ta ba. Da iskar gas take dafa tama, a tsarin da ake kira Midrex, kuma iskar da ke shiga irin wannan tanderu fiye da rabinta haidurojin ce. Soson ƙarfe take fitarwa, a narka a tukunyar lantarki, a aika sanduna zuwa masana'antun murza rodi uku, Jos da Oshogbo da Katsina. Ta Katsina, wadda kamfanin Kobe Steel na Japan ya gina don tan 210,000 a shekara, tafiyar 'yan sa'o'i ce daga inda nake zaune. Irin tanderun Aladja shi ne yau injiniyoyin duniya ke cewa ya fi sauƙin juyawa zuwa haidurojin zalla. Mun riƙe shi shekara arba'in da suka wuce, muka bari ya lalace, aka sayar. Ajakuta kuma, da aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, dogon tanderunta bai taɓa ɗaukar wuta ba har yau, kuma tun farko an san kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa irin yadda tanderun ke so. Duk lokacin da aka tashi zancen farfaɗo da ita, ina ganin ya kamata a fara tambaya ko hanyar kwal ce za mu zuba wa dukiya, a daidai lokacin da Tarayyar Turai ta fara cajin kuɗin hayaƙi a kan ƙarfen da ake shigar mata tun Janairun 2026, mu ma kuma mun yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 za mu daidaita hayaƙinmu. Gas muna da shi, ana ma jan bututunsa kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. A fara da gas, a riƙa sirka haidurojin a hankali, wannan hanya ce da ake iya bi da ƙafa.

Tama ma akwai, ko da ba ta kai ta Suwidin ba. Ta Itakpe a jihar Kogi ƙarfen cikinta wajen kashi 36 ne cikin ɗari, sai an niƙa an tace. A nan Zamfara, masana duwatsu sun raba tsofaffin duwatsun jihar jeri-jeri, suka sa musu sunayen garuruwa, akwai jerin Anka, da na Maru, da na Wonaka maƙwabciyar Mada, kuma a jerin Maru an san akwai duwatsu masu jijiyoyin ƙarfe. Amma duk Bazamfaren da ya ji an ce akwai arziki a ƙarƙashin gonarsa yana da dalilin faɗuwar gaba. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda tsaro, ba a ɗage ba sai ƙarshen 2024. Ƙarfen da aka ce mai tsabta ne saboda bai yi hayaƙi a Turai ba, in ya bar rami da guba da makoki a ƙauyen da aka haƙo shi, ni ban yarda da tsabtarsa ba.

Muna cikin magana yaron nan ya zazzage ragowar buhun gawayi a wuta, dattijon ya bi buhun da ido. Ya ce yanzu gawayi ya fi ƙarfe ba shi wahala. Na ƙirya shi ne na ƙira, yana da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya tartsatsi da yawa. Da can a bayan gari ake samunsa. Yanzu ƙirya ta yi nisa, inda ta rage kuma ba mai shiga ya fito lafiya, ga masu gawayin girki na birni suna sare duk abin da suka samu. Sai ya haɗa da na kowane icce, aiki ya ƙi sauri, wuta ta ci buhu biyu a inda ɗaya ke isa.

Na gaya masa cewa su ma masu haidurojin ba su rabu da gawayi ba. Ƙarfe zalla laushi gare shi, ɗan kabon da ke cikinsa ne ke sa shi tauri, shi ya sa sifirin ke riƙe kaifi, rodi kuma ba ya riƙewa kamarsa. Soson da haidurojin ta dafa ba shi da kabon, dole a ƙara masa a tukunya, kuma abin da ake gwadawa a Suwidin don wannan gawayin itace ne. A Birazil ma akwai masana'antu, irin su Aço Verde do Brasil a jihar Maranhão, da ke dafa tama da gawayin itatuwan turare da suka shuka da kansu, su sare su sake shukawa. Wannan ya yi masa daɗi. Ya ce ai ƙirya ma tana shukuwa, ba a dai saba ba ne, kuma ba ta saurin girma, wanda ya shuka jikansa ne zai ƙona.

Ba na ganin masana'antar haidurojin a Mada gobe ko jibi, kuma ba zan yaudari kowa da haka ba. Garin da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, zaman lafiya yake nema kafin komai. Amma akwai abin da ke hannunmu. Motar tsofaffin ƙarafan da muka gamu da ita da safe, irinta ne ke cika masana'antun Ikorodu da Ogijo, a narka a dawo mana da rodi da tsada. Narka tsohon ƙarfe da lantarki bai kai kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin dogon tanderu ba, in da hasken rana aka samo wutar kuma ya ƙara raguwa. 'Yan gwangwan da maƙera sun daɗe suna wannan aiki na mayar da matacce mai rai, ba wanda ya taɓa lissafa musu shi. Ina so in ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Fasaha ta Ƙauran Namoda sun zo rumfa irin wannan da littafi da ma'auni, sun rubuta abin da ya rage a kan tsofaffi kafin ƙasa ta rufe shi, sun ɗebi tamar Maru da kashin tsofaffin tanderu sun kai Cibiyar Binciken Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos an auna, an gwada ta da haidurojin ko da a tanderun da bai fi tulu ba. Idan ba mu gwada tamarmu da kanmu ba, wasu za su zo su gwada, su ɗauki dutse da rana a farashin da suka ga dama, mu sayi fartanya daga wajensu.

Kiran sallar la'asar ya tashi, abokina ya taɓa ni ya ce direbobi ba sa yarda yamma ta yi musu a hanya. Kasuwa ta fara watsewa tun rana na sama. Na zaɓi fartanya ɗaya na biya, dattijon ya karɓe ta daga hannuna ya ce ba a gama da ita ba. Ya mayar da bakinta wuta, yaron ya murza ƙafar keke da ƙarfi har gawayi ya yi fari, ƙarfen ya yi ja kamar gauta. Ya ciro ta, ya dube ta a inuwa yana jiran launin da yake so, sannan ya tsoma ta a kaskon ruwa. Ta yi ƙara, farin tururi ya tashi ya cika rumfar ya fita ta ɓarakar kwano.

Yaron ya saki keken, ya share gumi da gefen riga, ya matso kusa da ni. Tun ɗazu ashe yana saurare. Ya ce, "Malam, irin wanga hayaƙin na ka hita can?" Na ce masa irinsa ne. Ya tsaya yana kallon kaskon har ruwan ya lafa. Dattijon ya ce ya koma bakin aikinsa, akwai garma uku da masu su ke jira kafin dare. Na yi musu sallama, na naɗe fartanyar a takarda tana da sauran ɗumi, muka nufi tasha da sauri, masaba biyu suka ci gaba da karɓa-karɓa a bayanmu.